Kwanon Mama Fumi

Jiya da la'asar na fito baranda, sai na tarar Ogusta ya shigo Greensboro, garinmu na nan Amurka, ba ko sallama. Zafin garin nan ba ya ƙona mutum, turara shi yake yi a hankali kamar dambu a madambaci. Ƙwarin kan itatuwa sun dasa kuka kamar an tara telolin Kano kaf suna ɗinkin sallah lokaci guda. Hajara, matata, ta leƙo ta ce, "Baban Amira, kofin nan da ka cika ka bari a baranda, in ɗauke?"

Na ce, "Bar shi, na tsuntsaye ne."

Ta ce, "Duk shekara sai Ogusta kake tuna tsuntsaye na jin ƙishi."

Amsar wannan doguwa ce. Ta faro tun tsakiyar shekarun casa'in, lokacin da nake siriri har in na juya gefe sai a ɗauka na fita daga ɗaki.

A lokacin na gama karatu, ina koyon aiki a wata masana'antar Japanawa da ke ƙera kayan inji. Manajanmu ya ce in na kawo takardar shaidar jin Japananci, ko da mataki na uku ne, na kusa da ƙasa, za su riƙe ni dindindin su yi mini takardun zama. In ban kawo ba, to, a gaida mutanen gida. Jarrabawar kuwa sau ɗaya ake yin ta a shekara, farkon Disamba, a wani gari mai tafiyar yini guda a mota. Rajista ta gidan waya ake yi. Ka cika fom, ka liƙa hoto, ka aika kafin ganye ya fara zuba a ƙarshen Satumba. Wanda ya makara sai baɗi, ni kuma izinin zamana ba zai kai baɗi ba.

Duk faɗin ƙasar nan malama ɗaya na samu da za ta koyar da ni ba da kuɗi ba, wato Mama Fumi. Tsohuwa ce Bajapaniya, 'yar mitsitsiya, da ka ɗaga ta da hannu ɗaya sai ka nemi abin da za ka riƙe a ɗayan. Wani sojan Amurka ya auro ta tun tana yarinya, ya kawo ta Summerfield, wani ƙauye a bayan garin nan, ya rasu ya bar mata gona da tsofaffin dawaki biyu. Ta ba ni ɗakin da ke saman barga. Ni in share barga in ba dawaki ciyawa, ita kuma kullum da yamma ta zaunar da ni a kicin ta cusa mini haruffan nan masu kama da sawun kaji a taɓo. In muka zauna karatu ba ta yarda da Turanci ko kalma ɗaya. Abin da na gane na gane, abin da ban gane ba in gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Matsalar ita ce 'yarta, Nansi, mai zama a Sedgefield kusa da filin golf. Nansi ta riga ta samo wa uwar gurbi a gidan kula da tsofaffi, tana so a sayar da gonar. Da ƙyar ta yarda a bar tsohuwa a gidanta zuwa ƙarshen shekara, da sharaɗin cewa ranar da aka ga alamar ta fara ruɗewa, ranar za a ɗauke ta. In aka ɗauke ta kuwa, ba malama, ba ɗaki, ba jarrabawa. Don haka na fi Nansi damuwa da lafiyar ƙwaƙwalwar Mama Fumi. Ko atishawa ta yi sai gabana ya faɗi.

Yunwa kuma ta zama abokiyar zamana. Ba ni da mota, kanti na da nisa, ɗan abin da nake samu rabi gida yake tafiya. Burodi da shayi da safe, shayi da burodi da dare, don a samu canji. Abu ɗaya na arziki da nake da shi, wata jakar dabino ce da innata ta aiko mini, ina tsakurarta kamar magani. Ranar Asabar abokina Bitrus, mutumin Jos mai aiki a wani sito a Wendover, yakan zo da tsohuwar motarsa ya kai ni cefane. Shi ya kai ni aka ɗauke ni hoton rajista. Da hoton ya fito, hasken na'urar ya wanke ni tas, idanu sun faɗa, fuska fari fat. Bitrus ya duba ya ce, "Sule, wannan ai ba hoton jarrabawa ba ne, na sanarwar rasuwa ne. Japanawa za su ce marigayi ya yi ƙoƙari."

Na liƙa shi a haka. Na cika fom, na sa a ambulan, na manna kan sarki. Amma ban aika ba. Kuɗin rajista ba a mayarwa, ni kuma ina jira in tabbatar tsohuwa za ta kai ni Disamba. Ambulan ɗin ya zauna a kan taga yana kallona.

Tsakiyar Ogusta gidan ya fara canja kama. Wata yamma na dawo daga aiki na tarar Mama Fumi ta tsuguna a ƙofar gida ta hura 'yar wuta a faranti, a wannan zafin, tana kallon hanya kamar mai jiran baƙi. A ciki, gaban hoton mijinta, ta ajiye kokwamba guda da aka soka wa tsinke huɗu kamar ƙafafu, da gauta guda shi ma da ƙafafunsa. Na tambaya da guntun Japanancina. Ta ce kokwamban doki ne, don masu zuwa su iso da sauri. Gautan kuma saniya ce, don su koma a hankali. Na ce su wa? Ta ce waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Na gyaɗa kai kamar ƙadangare, amma ranar ƙadangaren ya ji sanyi a bayansa.

Kashegari da sassafe, bayan na idar da sallah, na leƙa ta taga. Hazo ya kwanta a kan ciyawa har gwiwa. Sai ga tsohuwa ta fito daga cikinsa, ƙafafunta ba sa ganuwa, kamar tana yawo a kan madara. Ta zo gindin babban itacen da ke daf da matakalar ɗakina, ta ajiye wani abu a kan 'yar kujera, ta rusuna, ta koma. Na sauka. Ɗan kwano ne a rufe, shinkafa mai zafi da yankakken kayan lambu. Gefensa ɗan kofi, ba komai a ciki.

Wallahi sai da idona ya kawo ruwa. A garinmu haka ake yi wa gwauro. Matar maƙwabci ba ta kiranka ta ce zo ka ci, kada ta ba ka kunya. Sai dai ka tarar da kwano a ƙofa. Kai kuma ba ka zuwa ka yi ta godiya, kada ka mayar da abin ciniki. Ka cinye, ka wanke kwano, ka sa ɗan tukuici a ciki, ka mayar inda ka same shi. Na ce ashe Japanawa ma 'yan gida ne. Na cinye a loma biyu, don kwanon bai fi ƙwaryar shan maganin jarirai ba. Na wanke, na sa dabino guda, na mayar. Kofin kuwa na ce tsohuwa ta iya tsari, ta ba da abinci, ruwa kuma mutum ya ɗebo da kansa.

Kashegari ma haka. Bayan kwana kaɗan kwanon ya girma. Bayan mako ya sake girma, har da guntun kifi. Kofin dai kullum wayam, a bushe. Na fara kumatu. Bitrus ya ce ko aure na yi a ɓoye.

Sai dai tsohuwa ta canja. A wajen karatu takan juya kujerarta ta fuskanci taga, tana duban itacen. In na ɗaga murya ina maimaita jimla sai ta ɗora yatsa a baki. Wata rana ta ce, a hankali yadda zan gane, akwai baƙo a tsakar gidan nan. Ta ce sauran baƙin na lahira duk sun koma, ya kamata ta hura wutar rakiya tun tuni, amma wannan bai tafi ba, kuma ba a rufe ƙofa baƙo na ciki. Na ce mijinta ne? Ta ce a'a, mijinta ya zo ya koma. Wannan ba shi da kowa.

Na ce, "Mama, kin gan shi?"

Ta ce, "Ba a ganinsu."

Ban haɗa wannan da kwano ba ko kaɗan. Ita ba ta taɓa ambatar abinci ba, ni ma ban taɓa ba, kowa na riƙe da ladabin garinsu. Abin da na sani kawai, ina kwana a saman barga, wani da ba a gani yana yawo a ƙasa. Na fara lura dawakin na tsayawa cik da asuba, kunnuwa a miƙe, su biyun suna duban gindin itacen. Ƙwarin da ke kuka ko'ina, a wannan itacen kaɗai ba sa yi. In zan sauka ɗaukar kwanona sai na karanta duk abin da na haddace, har da na makarantar allo da na manta, in fizge kwanon in haye sama da gudu kada in yi karo da baƙon.

Na gaya wa Bitrus. Ya ce, "Ɗan'uwa, tattara ka dawo wajena, ko a kan kujera ka kwana. Mu a cocinmu irin wannan gidan azumin kwana uku ake yi kafin a shiga."

Na ce, "In na tafi wa zai koya mini? Kuma kada ka bari maganar nan ta kai kunnen Nansi."

Ya ce, "Wato ka fi tsoron Nansi a kan fatalwa."

Na ce, "Fatalwa ba ta sayar da gona."

Farkon Satumba aka ce wata guguwa ta taso daga teku tana shigowa cikin ƙasa. Ranar sama ta yi kalar tsohuwar tukunya tun da hantsi, iska ta tsaya cak, tsuntsu ko ɗaya babu. Da ta sauko kuwa, ruwa ba daga sama yake zuwa ba, daga gefe yake zuwa, kamar ana watsa shi da bokiti. Barga ta yi ta kuka kamar tsohon jirgin ruwa. Da gari ya waye itatuwa sun kwanta a kan hanya, wayoyin lantarki na ƙasa, akwatin wasiƙarmu na bakin titi ya yi sujada a cikin taɓo. Ba wuta, ba tarho, ba hanyar fita. Famfon rijiya da lantarki yake aiki, shi ma ya mutu.

Amma kwano na nan a gindin itace, an ɗora masa dutse a kan murfi. Yayyafi na sauka. Duk abin da ke da baki a gidan nan ya cika da ruwan sama, bokiti, baho, tsohuwar taya, har takalmina da na manta a waje. Ɗan kofin nan kuwa, a buɗe, a ƙarƙashin sama ɗaya, a bushe yake ƙayau. Na sa yatsa a ciki na shafa. Na duba sama, na duba kofi. Na ce wataƙila ganye ne ya kare shi. Na ɗauki shinkafata na hau sama, ban waiwaya ba.

Kwanakin da suka biyo sun yi wuya. Da guguwa ta wuce zafi ya dawo da fushi, ƙasa na tururi, sauro kamar an yi musu gayya. Abin da ke firji ya ruɓe, gidan ya ɗauki wari. Da safe in ɗebo wa dawaki ruwa daga kududdufin bayan gona, bokiti biyu biyu, har kafaɗuna suka daina gaisawa da ni. Da rana ni da wani maƙwabci mai zarton inji mu yi ta yanka itacen da ya tare hanya, shi yana yanka ina ja. Tsohuwa ta haɗa murhu da bulo uku a bayan kicin kamar 'yar ƙauyenmu, tana tafasa ruwan sama. Da yamma kuma ba fashi, mu zauna a bakin ƙofa kafin haske ya ƙare, ta kunna mini kaset ɗin gwajin sauraro. Batir ya yi sanyi, muryar matar cikin kaset ta koma ta wani ƙato da ke magana daga ƙasan rijiya, yana tambaya a hankali jirgin ƙasa ƙarfe nawa zai tashi. Har yau in na ji ana tambayar lokacin jirgi da Japananci sai tsigar jikina ta tashi.

Burodina ya ƙare. Kwanon nan shi ne abincina na yini. Ban san cewa buhun shinkafarta ya kai ƙasa ba. Na ga dai tana rama, wuyanta ya zama kamar na kaza, na ɗauka zafi ne.

Ranar da hanya ta buɗe, Nansi ce ta fara shigowa, da mota cike da ruwan roba da gwangwanaye. Ina barga na ji muryarta ta tashi a kicin. Can ta leƙo ta kira ni. Na shiga na tarar tsohuwa zaune, hannuwa a cinya, Nansi tsaye tana riƙe da buhun shinkafa da ba komai a ciki. Hadari ya sake haɗuwa, kicin ɗin ya yi duhu da rana tsaka.

Nansi ta ce, "Mista Sule, kai ne a gidan nan. Ka taɓa ganin wani yana shigowa? Mahaifiyata ta daina cin abinci. Ta ce tana ciyar da wani mamaci mara dangi, wai al'adarsu ce, ana ajiye wa irinsu nasu a waje. Wai yana zuwa da asuba ya cinye, ya wanke kwano, har ya bar mata kyauta." Ta ajiye buhun a tebur. "Gobe zan zo da mota. Ba zan bar ta ta mutu da yunwa saboda fatalwa ba."

Tsohuwa ta tashi, ta buɗe 'yar durowar da hoton mijinta ke ciki. A gaban hoton, kusa da toka da turare, ga dabinon innata a jere, layi layi, ko ɗaya ba a ci ba.

Na ƙura wa dabinon ido. Kusan wata guda ina cin abincin matattu, ina lashe cokali. Baƙon da nake karanta wa Ayatul Kursiyyu, ni ne. Ina gudun kaina a kan matakala da kwano a hannu.

Na ce, "Anti Nansi, ni ne."

Ta ce, "Kai ne me?"

Na ce, "Ni ne mamacin."

Na yi bayani da Turanci, na sake yi da Japanancin da bai kai ya ɗauki nauyin maganar ba. Na faɗi yadda ake yi wa gwauro a garinmu, da dalilin da ba a godiya, da ma'anar dabinon. Na haura da gudu na kawo jakar innata, ta kusa ƙarewa, na ajiye a tebur. Nansi ta duba jakar, ta duba na gaban hoto, ta zauna a kujera daɓas. Sai dariya ta ƙwace mata, tana yi tana share hawaye. Ta ce, "Wato abincin na ɓacewa da gaske. Mama, na ɗauka ke kike zubarwa ki manta."

Mama Fumi ba ta yi dariya ba. Ta zo gabana, ta kama wuyan hannuna da 'yan yatsunta masu sanyi, ta riƙe, kamar mai son tabbatar da jini na gudu. Sannan ta ce, "Na ajiye wa wanda ya yi nisa da gida, ba shi da mai dafa masa. Ban yi kuskure ba."

Na sunkuyar da kai. Ba ta saki hannuna ba.

Ta ce, da Turanci wannan karon, don 'yarta ta ji, "Ruwan fa? Kullum sai na cika kofin har baki. Shi suka fi bukata, ƙishi ke damunsu. Kai kake shanyewa?"

Ta taga ina hango dawakin nan biyu, sun tsaya cik, kunnuwa a miƙe, suna duban gindin itacen. Kullum da safe, tsakanin komawar tsohuwa da saukowata bai fi a ɗaura alwala ba, kuma ban taɓa ganin ɗigo ɗaya a kofin nan ba. Nansi ta daina dariya, tana dubana, makullin mota a hannunta.

Na ce, "Ni ne, Mama. Shinkafa ba ta wucewa sai da ruwa."

Tsohuwa ta dube ni har cikin ido, ta daɗe. Ta san amsar da na haɗiye, na san ta sani. Sai ta saki hannuna ta ce wa Nansi, "Kin ji. Yaro ne mai yunwa. Ki bar ni da ɗalibina zuwa Disamba."

Nansi ta bar ta. Da yammar nan Mama Fumi ta sa ni na tayar da akwatin wasiƙa daga taɓo na kafa shi da duwatsu. Ta ce in kawo ambulan. Ita da kanta ta saka shi, ta ɗaga 'yar jar tutar da ke gaya wa mai wasiƙa akwai saƙo. Sannan ta tsuguna a ƙofar gida ta hura wutar rakiya, ta ce in tsaya a bayanta, kada in tsaya a hanya. Ba iska ko kaɗan, amma hayaƙin bai tashi sama ba. Ya kwanta, ya bi ta gindin itacen, ya fita titi.

Daga ranar a tebur nake cin abinci, da faranti irin na masu rai. Disamba Bitrus ya kai ni a motarsa, muna tafe tana tari. Mai duba hoto a ƙofar ɗakin jarrabawa ya dubi hoton, ya dube ni, ya ce na ji sauƙi ke nan. Na ci mataki na uku da ƙyar, irin cin da ake yi da addu'ar iyaye. Tsohuwa ta ƙara shekaru a gidanta kafin ta bi saniyar gauta.

Bitrus har gobe cewa yake kyanwa ce ke shan ruwan. Na ce masa ya nuna mini kyanwar da za ta bar kifi ta sha ruwa, ta kuma goge kofi.

Yau da safe Hajara ta fita shanya, ta dawo ta ce, "Baban Amira, tsuntsayenka sun shanye tas, ko ɗigo ba su bari ba." Na ce madalla. Na ɗauki buta na fita na sake cikawa har baki, na dawo ciki da sauri, ban waiwaya ba.